Ranar da yum ya rasa madubi: lamarin CentOS 7 a Yulin 2024

Ranar Litinin 1 ga Yuli 2024, masu kula da sabobi a ƙasashe daban-daban suka shiga aiki, suka buga yum update ko yum install, wato umarnin sabuntawa da girka manhajoji, a kan CentOS 7, wani nau'in tsarin Linux, kamar yadda suka saba yi shekara goma, sai allo ya mayar musu da wannan:

Could not retrieve mirrorlist http://mirrorlist.centos.org/?release=7&arch=x86_64&repo=os&infra=stock error was
14: curl#6 - "Could not resolve host: mirrorlist.centos.org; Unknown error"

A ƙasansa akwai doguwar nasihar da yum kan zubo duk lokacin da wani rumbu, wato wurin da yake ɗauko manhajoji, ya gagare shi, sannan layi na ƙarshe:

Cannot find a valid baseurl for repo: base/7/x86_64

Ita dai sabar lafiyarta lau. Ana shigarta ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, shafin da take ɗauke da shi yana buɗewa, wasiƙu na fita suna shigowa. Abu ɗaya ne ya tsaya cak: ba ta iya ɗauko ko da 'yar ƙaramar manhaja daga waje. Gyaran da ke mayar da yum bakin aiki bai wuce layi biyu ba, kuma cikin 'yan kwanaki kowa ya haddace shi. Abin da ya sa na ga ya kamata a zauna a dubi lamarin da kyau shi ne sa'o'in da aka ɓata ana haƙa inda babu ruwa kafin a kai ga layi biyun, da kuma irin shirun da na'urar ke yi bayan an gyara ta.

Daga ina yum ke ɗauko kaya

CentOS ba daga kwamfuta guda yake raba manhajojinsa ba. Akwai rumbu na asali, sai kuma jami'o'i da kamfanonin sadarwa da masu ba da hayar sabobi a sassan duniya, waɗanda suka ɗauki nauyin kwafe rumbun nan kaf, galibi da manhajar rsync, suna rabawa kyauta. Waɗannan kwafi su ake ce wa madubai, don abin da ke cikin na asali shi suke nunawa. Sabar da ke zaune a Kano ko Yamai ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Iyakar saninta yana cikin fayil ɗin /etc/yum.repos.d/CentOS-Base.repo, inda kowane rumbu, wato base da updates da extras, yake da layuka biyu masu kama da waɗannan:

mirrorlist=http://mirrorlist.centos.org/?release=$releasever&arch=$basearch&repo=os&infra=$infra
#baseurl=http://mirror.centos.org/centos/$releasever/os/$basearch/

Layi na farko adireshin ɗan jagora ne. Yum yakan je ya ce masa, ni CentOS 7 ne a kan x86_64, ina neman rumbu kaza, ina zan dosa? Shi kuma ya dubi ƙasar da tambayar ta fito, ya turo ɗan gajeren jerin madubai na kusa. Layi na biyu adireshi ne kai-tsaye, amma alamar # da ke gabansa ta kashe shi. Ke nan duk sabar da aka girka ba a taɓa mata wannan fayil ba, ƙofa ɗaya gare ta zuwa ɗaruruwan madubai. An baza kaya ko'ina don kada faɗuwar wuri ɗaya ta tsayar da kowa, amma mai nuna hanya shi kaɗai ne tal.

In jeri ya iso, wata ƙaramar manhaja mai suna fastestmirror takan jera madubin bisa saurin amsa sallamarsu. Saurin amsa sallama fa, ba saurin sauke kaya ba, shi ya sa wani lokaci takan zaɓi madubin da ke amsawa nan take amma yana turo fayil kamar ana ɗiga masa ruwa. Daga madubin da aka zaɓa yum yakan fara karɓar repodata/repomd.xml, ƙaramin fayil da ke nuna inda sauran bayanan rumbun suke, sannan ya kai ga ƙunshin manhajar da aka nema.

Duk wannan yana da ajiya a gida, cikin /var/cache/yum. A tsarin da yum ya zo da shi, jerin madubai yakan kwana guda kafin a sake tambayo shi, bayanan rumbu kuma sa'o'i shida. Wannan ya sa matsalar ba ta sauka wa kowa a sa'a ɗaya ba. Sai ka ga sabobi biyu a ɗaki ɗaya, a kan layi ɗaya, guda ta ƙi, guda tana nuna kamar ba abin da ya faru. Mai kula da su kuwa sai ya ƙara yarda cewa laifin yana jikin wadda ta ƙi. Waɗanda suka fara jin jiki su ne masu gina kwantena na Docker, wato keɓaɓɓun akwatunan gudanar da manhaja, a kan hoton centos:7, tubalin da ake gina su da shi, domin sabuwar kwantena ba ta da ajiyar komai. A saƙonsu infra=container ake gani maimakon infra=stock, amma sauran maganar iri ɗaya ce. Hoton manylinux2014, wanda masu haɗa ƙunshin Python ke aiki da shi, shi ma a kan CentOS 7 aka gina shi, don haka har mutanen da ba su taɓa girka CentOS da hannunsu ba sun tashi sun tarar da aikinsu ya tsaya.

Wanda aka fara tuhuma

Lambar curl#6 ma'anarta ɗaya ce: an nemi a mayar da suna zuwa adireshin IP, ba a samu ba. Aikin DNS ke nan. Duk wanda ya san aikinsa in ya ga haka, /etc/resolv.conf zai fara buɗewa, kuma bai yi laifi ba. Sai a sa 8.8.8.8, wato DNS na Google, a sake gwadawa, shiru. A sake kunna NetworkManager, shi kuma ya goge abin da aka rubuta da hannu ya mayar da nasa, sai a ɗauka ai ga ɓarawon nan an kama. A duba katangar tsaro, a duba furoksi. A wurare irin namu, inda yankewar intanet ba baƙon abu ba ne, zato na farko kan kamfanin layi yake sauka, kuma ba wuya mutum ya ce bari a jira zuwa yamma ko sabis zai dawo.

Akwai wani abu da ya ƙara ɓad da sawu. Layin nan na ƙarshe, Cannot find a valid baseurl for repo: base/7/x86_64, tsohon sananne ne. Tun 2014 sababbin shiga CentOS 7 ke cin karo da shi, domin in an girka ƙaramin tsari ba a kunna katin sadarwa a lokacin girkawa ba, yakan tashi a kashe. Maganin da aka daɗe ana bayarwa shi ne a shiga /etc/sysconfig/network-scripts/, a buɗe fayil ɗin ifcfg na katin, a mayar da ONBOOT=no zuwa ONBOOT=yes. Shekara goma wannan amsa tana aiki. Wanda ya je neman magani a makon farko na Yulin 2024, ita zai fara tararwa, alhali ciwon da ke gabansa wani ne daban mai kama da shi. Biri ya yi kama da mutum, amma sabar da kake cikinta ta SSH ai ba katinta ne a kashe ba.

Gwajin da ke raba gardama bai kai minti ɗaya ba. Abin ban haushi, dig da nslookup, kayan gwajin DNS, suna cikin ƙunshin bind-utils, wanda ƙaramin tsari ba ya zuwa da shi, kuma ba damar girka shi tunda yum ɗin ne ya tsaya. Amma getent yana nan a kowace na'ura:

getent hosts mirrorlist.centos.org
getent hosts vault.centos.org

Na farko ba ya mayar da komai. Na biyu yana mayar da adireshi. Suna biyu a gida ɗaya, ta DNS ɗaya, ɗaya ya amsu ɗaya bai amsu ba: DNS ɗinka ƙalau yake, sunan ne babu shi. Wanda ke da dig a wata kwamfutar zai ga kalmar NXDOMAIN, wadda ke nufin an kai tambaya har ga masu sunan, suka ce ba su da shi. Ta sha bamban da SERVFAIL ko ƙarewar lokacin jira, waɗanda ke nuna tambayar ce ta maƙale a hanya. Yum ba ya bambanta su a saƙonsa. Duka curl#6 yake ce musu, ya ƙara da Unknown error.

Mai wayo daga nan sai ya ce, to tunda ɗan jagora ya ɓace, bari in cire # ɗin nan daga baseurl in je kai-tsaye. Tunani ne mai kyau, kuma saƙon yakan canja, wanda shi kansa ci gaba ne: yanzu HTTP Error 404 - Not Found ake samu a kan repomd.xml. Sunan mirror.centos.org yana amsuwa, sabar tana amsawa, amma an kwashe kayan da ke cikin jakar 7, an bar 'yar takardar bayani. Madubai kuwa, da yake aikinsu kwafe abin da ke sama ne, da aka share a can su ma sai suka share nasu. A nan ne mutum ke gane cewa ba lalacewa aka samu ba. Da gangan aka rufe.

Abin da ya kai ga rufewar

CentOS ya fito a 2004 a matsayin kwafin Red Hat Enterprise Linux (RHEL) da 'yan sa-kai ke sake ginawa daga buɗaɗɗen tushensa, su cire tambarin kamfani su raba kyauta. A Janairun 2014 Red Hat ya ɗauki nauyin aikin, a Yulin shekarar kuma CentOS 7 ya fito da alƙawarin kulawa har 30 ga Yuni 2024. Ranar 8 ga Disamba 2020 aka sanar da cewa za a karkata ga CentOS Stream, wanda ke tafiya gaban RHEL maimakon kwafarsa, aka kuma yanke wa CentOS 8 wa'adi daga 2029 zuwa ƙarshen 2021. An yi ta ɓacin rai a lokacin, kuma daga nan aka haifi AlmaLinux da Rocky Linux a 2021 don su maye gurbinsa. Amma CentOS 7 ba a rage masa ko kwana ɗaya ba. Ranar da aka faɗa tun farko ita ce ta zo.

Ba shi ne karo na farko ba ma. Da CentOS 6 ya ƙare a 30 ga Nuwamba 2020, ɗan jagoran yana nan, sai dai amsarsa ta koma Invalid release/repo/arch combination. Da aka kwashe kayan CentOS 8 a ƙarshen Janairun 2022, saƙon da aka gani shi ne No URLs in mirrorlist. Duka biyun, ko ba su fito fili sun ce wa'adi ya cika ba, sun nuna wa mutum cewa matsalar tana can wajen masu rumbu. Na 7 ne ya zo daban. CentOS Stream 8 ya riga ya ƙare a 31 ga Mayu 2024, Stream 9 kuma da wani jagoran yake aiki mai suna mirrors.centos.org. Ba sauran wanda ke buƙatar tsohon, sai aka cire sunansa daga DNS ɗungurungum. Ga mai karanta saƙo cikin sauri ma, mirror da mirrors da mirrorlist tarko ne mai zaman kansa: sunaye uku, ayyuka uku.

A ganina rufewar da ƙara daidai ce. Da an karkatar da ɗan jagoran a asirce zuwa tsofaffin kaya, dubban sabobi za su ci gaba da tafiya masu su ba su san an daina ciyar da su ba. Inda aka gaza shi ne saƙon. An bar mutum da kuskuren da ke nuna masa nasa gidan, alhali layi ɗaya na bayani daga jagoran da ya isa.

Layi biyun, da ramukan da ke gefensu

Duk fitowar CentOS da ta tsufa akan mayar da ita vault.centos.org, ma'ajiyar tsofaffin kaya. Gyaran shi ne a kashe layin mirrorlist, a kunna baseurl, a nuna masa ma'ajiyar. Kafin a taɓa komai a kwafe jakar /etc/yum.repos.d a ajiye gefe. Sannan:

sed -i 's|^mirrorlist=|#mirrorlist=|' /etc/yum.repos.d/CentOS-*.repo
sed -i 's|^#baseurl=http://mirror.centos.org|baseurl=http://vault.centos.org|' /etc/yum.repos.d/CentOS-*.repo

Sai yum clean all don a zubar da tsohuwar ajiya, sai yum makecache. In an dace, yum repolist zai nuna base da ƙunshi 10,072, tare da updates da extras. In ka ga sifili a gaban wani rumbu, ba a gama ba.

Ni na fi son a buɗe fayil ɗin a rubuta adireshin da cikakkiyar lamba, kamar vault.centos.org/7.9.2009/os/$basearch/, saboda duk wanda ya zo bayanka ya gani da idonsa cewa an daskarar da na'urar a kan fitowa guda. Af, 2009 ɗin nan ba shekara ba ce. Shekarar 2020 ce da wata na 9, lokacin da tushen ya fito daga Red Hat, shi kuma CentOS 7.9 ya biyo baya a Nuwamba.

Rami na farko shi ne sed, umarnin canja rubutu a cikin fayil, ba ya ƙorafi. In bai sami abin da aka ce ya canja ba, shiru yake yi ya wuce. Sabobin da aka yi hayarsu sau da yawa sukan zo da fayil ɗin da mai hayar ya riga ya gyara ya nuna nasa madubin, don haka layi na biyu ba abin da zai taɓa. Mafi muni, layi na farko yana iya cin nasara na biyu ya faɗi, a bar rumbu ba mirrorlist ba baseurl. Bayan kowane sed, a duba da ido:

grep -E '^(baseurl|mirrorlist|metalink)' /etc/yum.repos.d/*.repo

Rami na biyu ya fi kama masu aiki da sababbin PHP ko GCC ta hanyar ƙarin rumbunan da ake kira SCLo. A fayil ɗin CentOS-SCLo-scl.repo akwai tazara tsakanin # da kalmar baseurl. Tazara guda, amma ta isa ta sa umarnin da ke sama ya tsallake layin. Kuma da yake yum a tsarinsa ba ya tsallake rumbun da ya gagara, rumbu ɗaya matacce yakan tsayar da duka, ko da abin da kake nema yana cikin base mai lafiya. Hanyar gano mai laifi ita ce a kashe kowa a riƙa kunnawa ɗaya-ɗaya:

yum --disablerepo='*' --enablerepo=base makecache

Haka nan wanda ya gyara komai yau, gobe ya girka centos-release-scl, ƙunshin zai sauke masa sababbin fayiloli masu ɗauke da mataccen adireshin. Tsugune ba ta ƙare ba, sai an sake gyara su. A cikin Dockerfile, fayil ɗin umarnin gina kwantena, wannan yana nufin sed sau biyu, kafin girkawar da bayanta.

Na uku na masu na'urorin ARM ne, har da wanda ke gina kwantena a kan sabuwar Mac. Kayan aarch64 suna ƙarƙashin jakar altarch, don haka adireshin da aka rubuta don x86_64 zai ba su 404. EPEL kuwa, rumbun ƙarin manhajoji, ba na CentOS ba ne, na Fedora ne, kuma nasa tsofaffin kayan na 7 suna archives.fedoraproject.org. Sauran rumbunan da aka tara tsawon shekaru, na ma'ajiyar bayanai, na kayan sa ido, na wannan da wancan, kowane da ranar da masu shi suka daina kula da 7, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuma inda aka fi yin gyaran gangar Auzinawa. Na'urar da ta daɗe ba a sabunta ta ba, ko wadda agogonta ya karkace, in aka kai ta adireshin https tana iya cewa curl#60, wato ba ta yarda da takardar shaidar sabar ba. A fara duba date. Kwamfutar da batirin agogonta ya mutu ta sha ɗaukewar wuta takan tashi da kwanan watan da ya wuce shekaru, kuma a wurinta duk takardar shaida ta yau ba ta fara aiki ba tukuna. In agogo daidai yake, ƙunshin ca-certificates, mai riƙe da jerin masu ba da takardun shaida, shi ne ya tsufa. Abin da gajiyayyen mutum kan yi shi ne ya rubuta sslverify=0, in ya ga dama ya haɗa da gpgcheck=0 don a wuce wurin gaba ɗaya. Na farko yana kashe binciken takardar shaida, na biyu yana kashe binciken sa hannun ƙunshi, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Kowane ƙunshin base da updates da extras na CentOS 7 a kan x86_64 yana ɗauke da sa hannun makulli mai lamba F4A80EB5, kuma kwafin makullin yana kan na'urarka a /etc/pki/rpm-gpg. Wannan sa hannu shi ya sa tun farko aka iya yarda kowa ya buɗe madubi, har a kan http tsagwaronsa: ko mai madubin ya so ya sa maka guba a kaya, yum zai ƙi karɓa. Wanda ya kashe gpgcheck ya miƙa wa duk wanda ke tsakaninsa da rumbu ikon girka abin da ya ga dama a matsayin root, mai cikakken iko a kan na'urar. Ba wata matsalar madubi da maganinta kashe shi ne.

Wanda ke da sabobi da yawa bai kamata ya tura su duka vault.centos.org ba. Ba a gina ma'ajiyar don ta ɗauki nauyin da ɗaruruwan madubai ke ɗauka ba, kuma ita kanta tana nuna wasu wuraren da ke riƙe da kwafinta, irin su archive.kernel.org da linuxsoft.cern.ch na cibiyar CERN. Abin da ya fi shi ne a sauke kayan sau ɗaya da reposync, wanda ke cikin yum-utils, a yi musu bayanan rumbu da createrepo, a ɗora a kan wata na'ura ta cikin gida. Madubi na yau da kullum sai ana binsa da sabuntawa kowace rana, amma wannan ba zai taɓa canjawa ba, saukewa ɗaya ta wadatar. Inda kuɗin data ke da nauyi kuma layi ba tabbas, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Shirun da ya biyo baya

A ce an tsallake duk ramukan nan. An buga yum update. In sabar ta daɗe a baya, a ce tana kan 7.6, za ta sauke ɗaruruwan ƙunshi ta hau 7.9, kuma wannan sabuntawa ce ta gaske mai amfani. Washegari a sake bugawa:

No packages marked for update

Mako mai zuwa haka. Baɗi haka. Wannan jimla ita ce dai wadda yum ke faɗa a 2019 in na'ura ta cika ta batse da duk facin tsaron da ya fito. Harafi ɗaya bai canja ba, ma'anar ce ta juye. A da tana nufin ba abin da ya rage maka. Yanzu tana nufin ba abin da zai ƙara zuwa. Duk wata manhajar sa ido da aka ɗora don ta ƙirga ƙunshin da ke jiran sabuntawa za ta nuna sifili, ta kunna kore, ta sa sabar a sahun masu lafiya. Ma'ajiyar ta faɗa a shafinta na farko cewa ba a sa facin tsaro a cikinta, amma yum ba ya karanta shafin farko, kuma wanda ya kwafo layi biyun shi ma bai karanta ba.

Sa hannun da na yaba ɗazu ba ya taimakawa a nan. Yana tabbatar da cewa kaya na gaske ne, ba ya cewa komai game da tsufansu. Debian ta yi tunanin wannan: fayil ɗin Release na rumbunanta masu sauyawa yana ɗauke da Valid-Until, ranar da in ta wuce apt zai ƙi bayanan ya ce sun tsufa, sai mutum ya kashe binciken da hannunsa yana sane. Yum na CentOS 7 ba shi da irin wannan. Rumbun da ya daskare da wanda aka sabunta jiya duk ɗaya suke a wurinsa.

Ranar da sunan ya ɓace, wato 1 ga Yuli 2024, a ranar ce kamfanin Qualys ya bayyana wata babbar ɓaraka a OpenSSH, manhajar SSH, da aka yi wa laƙabi da regreSSHion. Da yawa daga masu buga yum update a ranar ma don ita suka buga. CentOS 7 ya tsira, saboda OpenSSH 7.4 da yake ɗauke da shi ya girmi fitowar da aka shigar da kuskuren. Sa'a ce kawai. A Janairun 2025 aka bayyana ɓaraka shida a rsync, manhajar nan da madubai ke kwafe juna da ita, aka toshe su a fitowa ta 3.4.0, kuma wasu daga cikinsu sun shafi tsofaffin fitowa. CentOS 7 yana kan 3.1.2. Ƙunshin da ke ma'ajiya yau shi ne wanda ke cikinta ranar da aka rufe ƙofa.

Don haka in an yi gyaran nan, abu mafi ƙanƙanta da ya kamata a haɗa da shi shi ne a canja sunan rumbun a layin name, a rubuta cewa daskararre ne tun 30 ga Yuni 2024, ta yadda duk mai buga yum repolist zai gani. A cire sabar daga lissafin kore na manhajar sa ido, a ba ta nata launin. In tana fuskantar intanet kai-tsaye, a rage ƙofofinta zuwa abin da ya zama dole.

Amfanin gyaran na gaske

Akwai masu sayar da ƙarin wa'adi. Red Hat yana da nasa ga wanda ya juya sabarsa zuwa RHEL 7 da convert2rhel, akwai kuma TuxCare da SUSE da wasunsu. Ga bankin da ke da manhajar da ba ta gudu sai a kan 7, kuɗin yana iya zama mai ma'ana. Ga ƙaramin ofis mai saba ɗaya ko biyu, sau da yawa girka sabuwar na'ura da AlmaLinux 9 ko Rocky Linux 9, waɗanda ke da kulawa har 2032, a kwashe bayanai a mayar, ya fi arha kuma ya fi tsabta. Tsohuwar sabar da mutum huɗu suka gada daga juna takan tara abubuwan da ba wanda ya san dalilinsu, kuma ƙaura ita ce damar zubar da su.

Wanda ba shi da na'ura ta biyu sai ya ɗaga wadda ke hannunsa a inda take. AlmaLinux yana da ELevate, wanda aka gina a kan Leapp na Red Hat, yana ɗaga CentOS 7 zuwa 8 na AlmaLinux, daga nan kuma a sake hawa zuwa 9. Ba a tsallake mataki. Sharaɗinsa na farko shi ne na'urar ta kasance a kan 7.9 da duk sabuntawarta, kuma ba a iya cika wannan sharaɗi sai yum yana aiki. A nan layi biyun ke da amfaninsu: da su ake kai sabar bakin ƙofar fita.

Tsarin aikin kuwa, bayan an ɗauki kwafin komai an gwada cewa yana dawowa, a gyara rumbuna, a buga yum update, a sake kunna na'urar. In uname -r ya nuna 3.10.0-1160.119.1.el7.x86_64, sabar ta karɓi kanel, wato zuciyar tsarin, na ƙarshe da CentOS 7 ya fitar. Daga nan a girka ELevate a buga leapp preupgrade, wanda ba ya canja komai, bincike kawai yake yi ya rubuta rahoto a /var/log/leapp/leapp-report.txt. Karo na farko kusan kullum yakan ƙi, ya lissafa abubuwan da suka hana shi, irin su direban pata_acpi da aka cire a 8 da wata tambaya a kan pam_pkcs11 da yake son a amsa. A bi su ɗaya-ɗaya a warware, a sake bugawa, har sai rahoton ya daina nuna abin da ke hana tafiya, sannan a buga leapp upgrade.